Shekarar da Innarku ta Zame a Bakin Rijiya

Kun taso kuna jin ana cewa takalmi ne ya raba ni da yayana Sale. Kun kuma taso kuna ganin hannun innarku na hagu a ɗan karkace, ba ya ɗaukar abu mai nauyi. Ba wanda ya taɓa gaya maku cewa maganar biyu guda ce, don ita ta hana. Yanzu Yaya Sale ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan shi, ni ma ƙarfi ya tafi, saboda haka zan faɗa maku yadda aka yi, har da inda laifina yake. Innarku tana zaune gefe ina wannan rubutu, ta ce tonon asiri ne. Na ce mata asirina ne, ba nata ba.

A lokacin gandu guda muke da Yaya Sale, tukunya guda, rumbu guda, kakarku Iya tana tsakiyarmu. Shi ne babba, shi ke cewa yau ga gonar da za a shiga. Ni kuma, ban da noma, na koyo yankan takalmin taya a Maradi, kowace ranar kasuwa in shimfiɗa buhu a Madarunfa in baza. Da rani nake sana'ata, da damina in rataye wuƙa in ɗauki hauya, haka muka saba, ba wanda ya taɓa jin kanmu. A shekarar da aka karya darajar kuɗinmu, takalmin kanti ya fi ƙarfin talaka, sai mutane suka dawo ma na taya, har waɗanda a da suke wuce ni suna kau da kai. Kaina ya ɗan yi girma, ba zan ɓoye ba. Innarku Rabi ita kaɗai ta ƙi sa takalmina. Ta ce nauyi gare shi kamar an ɗaura ma mutum turmi a ƙafa, kuma ƙasan nan mai kaushi na maza ne. Sai na ce bari in nuna mata abin da na iya. Na samu tayar babbar mota wadda ta cinye, na fere ta har ta yi siriri, na goge ƙasan da dutse ya yi sumul kamar bayan cokali, na sa mashi maɗauri na jar fata. Ranar da na ba ta, ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce:

"Malam, ashe ka iya abin kirki, kake ta yi ma mutane na jakai?"

Kwana uku ina jin daɗin wannan magana.

Rijiyar unguwarmu an zagaye bakinta da siminti. Da rani ba ta da wata matsala, amma da ruwa ya sauka sai gansakuka ta kama simintin, ga ruwan guga yana zuba, ga kumfar sabulun masu wanki a gefe. Ni ban san wannan ba, don ban taɓa ɗebo ruwa a can ba. An yi ruwan shuka, gero ya tsiro, muna shirin noman fari. Innarku tana da cikinka na wata bakwai, kai Nuhu. Da hantsi ina wasa hauya a ƙofar gida sai ga wata maƙwabciyarmu a guje, ko mayafi babu, tana kiran sunana. Da na isa na tarar da mata sun yi da'ira. Tulu ya fashe, innarku tana kwance a gefenta, hannun dama ta rungume ciki, na hagu yana ƙarƙashinta ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Ba ta kuka. Abin da take ta faɗi kawai shi ne ba ta jin motsin yaron. Muka ɗora ta a amalanke zuwa likita. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya sa abin saurare a cikin, ya daɗe. Can ya ɗago ya ce yaro yana nan, zuciyarshi tana bugawa. A nan innarku ta fara kuka.

Hannun kuma sai Iya ta ce a kira wani tsoho mai ɗori daga wajen Gabi, cikin mutanen nan da ke riƙe da al'adar kakanni, wanda ya taɓa ɗora ma mahaifinmu ƙafa. Ya zo da yamma, ya ja hannun, ya jera karare ya ɗaure. Da ya gama yana wanke hannu, sai idonshi ya faɗa kan takalman da aka ajiye a bakin ɗaki. Ya ɗauki ɗaya, ya kifa shi, ya shafa ƙasan da babban yatsa.

"Wa ya yi wannan?" ya tambaya.

Kowa a tsakar gida ya sani. Kafin in buɗe baki innarku ta amsa daga kan tabarma:

"A kasuwa aka sayo shi, Baba."

"To," in ji tsohon, "wanda ya yi shi ya iya wuƙa. Amma bai taɓa ɗaukar tulu ba."

Ya ajiye takalmin a hankali ya yi mana sallama. Ko kallona bai yi ba, kuma wannan ya fi mani ciwo.

Washegari na tafi rijiyar da rana tsaka, sa'ad da mata suka ragu, na sa takalmin a hannu na danna shi kan jiƙaƙƙen simintin. Ya tafi sulu kamar sabulu. Na gwada nawa na ƙafata, wanda ke da sauran zanen taya, shi ma ya zame, sai dai bai kai wancan ba. Na tsaya ina lissafa matan unguwa da na yanka ma takalmi a wannan rani, da yawansu na goge masu ƙasan don su ma sun ce suna son irin na Rabi. A nan na ƙudura cewa kafin innarku ta haihu ta gama wanka ta koma ɗebo ruwa, sai na yanka ƙasan takalmin da ba zai ci amanarta ba. Na ɗauka aikin kwana biyu ne.

Namiji ba ya yini a rijiyar mata, sai na samo wani fasasshen murfin siminti na jingina shi a bayan ɗakinmu, na ɗan karkata shi, ina zuba mashi ruwa safe da yamma har ya yi kore. In na yanka takalmi sai in sa, in ɗora tulu cike a kai, in taka. Da farko na yi tsaga a tsaye, daga yatsu zuwa diddige. Ya tafi da ni gaba kamar kwalekwale, na zauna daɓas, tulun ya juye mani a wuya. Na yi tsaga a kwance. Wannan ya riƙe in na miƙe sosai, amma da na juya sai ƙafa ta fice ta gefe. Na haɗa biyun na yi gida-gida masu zurfi, na ce na gama. Na taka da shi cikin lakar bakin tabki, lakar ta cika ramukan ta daskare, takalmin ya koma sumul kamar ban taɓa shi ba. Wani kuma da na zurfafa tsagar, kwana huɗu ya karye a daidai inda ƙafa ke lanƙwasa. Tuluna uku na fasa. Iya tana zaune a inuwa tana kaɗi, duk faɗuwar da na yi sai ta ce:

"Sannu, Garba. Ka bar mana ko guda na sha."

Matar Yaya Sale kuwa sai ta shige ɗaki ta yi dariyarta a can don kada in gani. Ina ji.

Innarku ba ta dariya. Tana zaune a ƙofar ɗaki da hannu a rataye, ga ciki ya yi nauyi, tana kallon ƙafafuna. Wata rana na tashi daga faɗuwa ina kakkaɓe riga, sai ta ce:

"Malam, kai kana kallon ƙasa in za ka taka. Mai tulu ba ta kallon ƙasa."

Na ce to me ya sha bamban?

"Kai da yatsu kake fara takawa, don kana tsoro. Ni da diddige na sauka. Can bayan diddige, gefen waje, nan ya fara tafiya. Kafin tafin ƙafata ya taɓa ƙasa na riga na faɗi. Kai kuma duk aikinka a tsakiya kake yi."

Na ɗauko takalmanta na da na duba. Bayan diddigen ta gefen waje ne ya cinye, kamar yadda ta ce. Na bi takalman gidan kaf, har na Yaya Sale, duk haka suke. Shekara nawa ina yankan takalmi ban taɓa tambayar wurin da ƙafa ke fara sauka ba.

Bayan kwana biyu ta sake kirana, ta yi ƙasa da murya, don maganar ta shafi surukarta.

"Iya ta fi shekara arba'in tana zuwa rijiya ba takalmi, ko sau ɗaya ba ta zame ba. Ka taɓa kallon diddigenta?"

Na je na durƙusa gaban Iya na ce ta ba ni ƙafarta in gani. Ta ce ko na haukace ne. Na lallashe ta ta miƙo. Faso ne ya tsattsage diddigen, ƙanana ƙanana, kusa da juna. Na ce ta taka ƙasa, ta taka, sai na ga tsagun sun buɗe da nauyinta, kowane baki ya kama ƙasa, da ta ɗaga suka rufe. Iya ta janye ƙafarta ta ce:

"Shekara da shekaru ina shafa ma faso man kaɗe ya tafi, yau ga ɗana yana son ya saya."

Daga nan aikin ya kama hanya. Na bar tayar manyan motoci, don robarta ta yi tauri, ba ta kama siminti. Na koma ta ƙananan motoci mai ɗan laushi. A diddige na riƙa yin tsaga da aska, siririya, ba na cire komai, yanka kawai, kusa da kusa, na kuma ɗan kwantar da bakin diddigen don ya sauka da faɗi. A tafin kuma na yi manyan hanyoyi a karkace, suna tasowa daga tsakiya suna fita ta gefe biyu kamar ƙayar kifi, don ruwan da aka taka ya samu mafita. Bakin kowace hanya na buɗa shi ya fi gindinta faɗi, yadda in takalmin ya lanƙwasa laka za ta faɗo da kanta. Kusurwar ma sai da na yi ta sauyawa. Duk wanda na yanka innarku ce ke karɓa da hannu guda, ta danna shi da babban yatsa, ta ce wannan ya yi zurfi, wannan ya yi nisa da juna. Har yau a kasuwa ana cewa yankan Garba. Diddigen nan nata ne, ku sani.

To amma duk wannan a cikin damina ake yinshi, kuma ruwa a wannan shekara bai yi rowa ba, ciyawa tana tashi kamar ana jan ta. Da farko bayan an taso daga gona nake aikin. Daga baya na fara tasowa kafin azahar. Sannan na fara cewa yau zan shiga Maradi neman taya, in yini. Yaya Sale bai ce komai ba har aka gama noman fari, shi da ya yi rabona ya yi nashi. Da aka shiga maimai na ɓace kwana uku a jere. Ran na huɗu da la'asar ya shigo, hauya a kafaɗa, ƙafafunshi duk ƙasa, ya tarar da ni da tulu a kai. Ya tsaya ya dube ni.

"Garba, sauke tulun nan mu yi magana."

Na sauke.

"Matarka ta faɗi, duk mun ji ciwo. Allah Ya tsare abin da ke cikinta, mun gode maShi. Amma bakuna goma sha ɗaya ke ci a rumbun nan. Ka bari sai kaka, in an kai gero gida, ka yi ta fasa tuluna har rani ya ƙare."

Na ce, "Yaya, da rani ƙasa a bushe take. In ban gane shi yanzu ba sai baɗi. Kuma akwai mata a unguwar nan da ke yawo da irin wanda ya kada ta."

"To ka bi su ka karɓe. Yini guda ya isa."

Gaskiya ya faɗa, kuma daga baya hakan na yi. Amma a ranar ban iya jin ta ba. Abin da ban gaya mashi ba shi ne, in na shiga gona na sunkuya, hannun innarku nake gani a lanƙwashe. Wuƙar nan kaɗai ke sa in daina ganinshi. Maimakon in faɗi haka, sai na ce mashi shi bai san komai ba sai hauya. Ƙane ba ya gaya ma wa wannan magana. Ya gyara hauyar a kafaɗa, ya ce:

"Gobe da safe in na gan ka a gona, ban ji abin da ka ce ba. In ban gan ka ba, to kowa ya noma abin da zai ci."

Innarku ta roƙe ni in tafi. Ta ce ita ta yarda ta yi tafiya ba takalmi har ƙarshen ranta. Da gari ya waye na ɗauki hauya na kai ƙofar gida. Sai na ga an yi yayyafi da asuba, murfin simintin ya jiƙe daidai yadda nake so, ga sabon yanka na ajiye ban gwada ba. Na ce bari in taka sau ɗaya in tafi. Ya riƙe. Na juya, ya riƙe. Na zuba ruwan sabulu na sake takawa, ya ɗan motsa ya tsaya. Na yi ta hawa ina sauka. Da na ɗaga kai rana ta yi sama.

A cikin makon aka kira baffanmu ya raba gandu. Yaya Sale bai cuce ni ba, ya ba ni gonar hanyar Safo, mai kyau ce, sai dai ciyawa ta riga ta shaƙe geron. Aka ja danga a tsakiyar gida. Iya ta zauna ɓangarenshi, don shi ne babba, kuma ranar da ake kafa dangar ta juya baya tana share ido da bakin zane. Wannan shi ne abin da na jawo, ba wani ya jawo ba. Abin da na girba bai kai mu tsakiyar ɗari ba. Akuyar innarku, wadda ta zo da ita daga gidansu, ita muka fara sayarwa. Mun ci tafasa da zogale a wannan shekara har yayarku Hadiza ta riƙa kuka in ta ga ganye a tukunya. Wani lokaci da safe sai mu tarar da ƙwaryar gero a gindin danga ta ɓangarenmu. Iya ta ce ba ita ba ce. Ba mu ƙara tambaya ba.

Kai Nuhu ka zo lafiya, da kuka mai ƙarfi. Da innarku ta gama wanka damina ta kusa ɗaukewa, amma simintin rijiya yana nan da korenshi. Na ba ta sabon takalmin. Bai kai na farko kyau ba, ya fi shi kauri. Ta sa, ta ɗauki ƙaramin tulu, don hannun ba ya iya babba. Na ce zan raka ta, ta ce in zauna, namiji ba ya bin mace rijiya. Na zauna a ƙofar gida, na tashi, na sake zama. Da ta dawo tulun yana kanta, ta wuce ni, ta juye ruwan a randa. Sannan ta ce:

"Mata huɗu sun ce in tambaye ka ko za ka yi masu. Na ce sai na ga dama."

Da wannan muka fita rani. Matan unguwa suka fara, sai masunta da ke sauka bakin tabki, sai masu wanki, har daga garin Sarkin Yamma ake aiko mani. Waɗanda na goge ma ƙasa a baya duk na bi su na sake masu. Ban taɓa cewa ba ya zamewa sam ba. In gansakuka ta yi kauri, ko an zubar da mai, babu takalmin da zai cece ka, haka nake gaya ma kowa.

Ni da Yaya Sale kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu, a masallaci ko a wurin jana'iza. Haka har ruwa ya sake sauka. Wata ranar kasuwa ina sunkuye ina yanka, sai inuwa ta rufe mani aiki. Na ɗaga kai, shi ne. Ya miƙo mani guntun kara, irin wanda ake awon ƙafa da shi in mai takalmin ba zai zo ba.

"Wani ya aiko," ya ce. "Ya ce hanyar gonarshi ta bi ta fadama."

Na karɓa na duba tsawon. Ƙafar da na taso ina gadon tsofaffin takalmanta ba za ta ɓace mani ba. Na ce a gaya ma mai shi ya aiko jibi. Na zaɓi roba mafi kyau da nake da ita, innarku ta zauna kusa da ni tana nuna inda askar za ta bi, kuma ita ta miƙa takalman ta kan danga, ta ba matarshi.

Kwana shida ba mu ji komai ba. Ran na bakwai da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, sai muka ji sallamarshi a ƙofarmu, karo na farko tun da aka raba gida. Takalman suna ƙafarshi, laka har idon sawu. Innarku ta shimfiɗa mashi tabarma, ta kawo fura, ya sha. Ya tambayi hannunta, ya ɗauke ka, Nuhu, ya ɗora a cinya, ka kama mashi gemu. Bai yi maganar takalmi ba, ni ma ban yi ba. Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba, ya ce:

"Na biyo ta hanyar Safo jiya. Ciyawa ta yi maka yawa ta gefen hanya."

Ba mu sake haɗa gandu ba har ya rasu, kowa da rumbunshi. Amma washegari da na isa gonar da sassafe na tarar ya riga ni, har ya nome layi uku. Yana noman ba takalmi. Ya cire su ya jera a gindin gawo, ya rufe su da rigarshi don kada rana ta ci robar.